Furar Baraka Ta Yi Shuni

Jama'a, yau da hantsi na ga abin da kakana bai gani ba. Matata Baraka ta dama furar da za ta kai kasuwa, ta ɗaga faifai, sai ga fura shuɗiya kamar rawanin Abzinawa. Na kurɓa don in kare mutuncin gida, har yanzu harshena bai dawo kamanninsa ba.

Ba laifinta ba ne. Tabkinmu na Dakoro guda ne tal, nan muke ɗiba, nan makiyaya ke shayarwa. Tun da marina suka yawaita a kan tudu, duk ruwan baban rini da ya mutu a karofi sai a kwararo shi gangare. Majema suka ga abin da sauƙi, su ma suka sako nasu. Liman ya duba ya ce ruwan da launinsa da warinsa suka sauya ba ya alwala. Yanzu ga tabki maƙil, ga mu a bakinsa muna taimama.

Mun kai kuka, kuma Allah ya saka wa manya, ba su yi barci ba. Nan da nan aka naɗa Sarkin Tabki. Shi ya naɗa Wakilin Kwata, Wakili kuma ya naɗa mai riƙe masa takalmi. Rawunan naɗin duk a karofin nan aka rina su, ruwa ya ƙara duhu. Sai aka kira gayyar haƙa kwata, aka yi kiɗa, aka yanka sa, aka wanke kayan cikin a tabki. Kwata dai ta yi kyau, ban ƙi ba. Ta kauce wa ƙofar Sarkin Tabki, ta zagaya bayan rumbuna, ta dawo ta faɗa tabkin ta gabas. Da can ta yamma ruwan ke shiga.

Maƙwabcina Na'Allah ya ce mini, "Kai Badaru ba ka da godiya. Wanga ai ci gaba ne."

Na ce, "I, na mai ginar rijiya."

Ni furar nan ce damuwata, don da ita muke ɗora tukunya. Baraka ta daure ta kai ta kasuwa, ta dawo da ƙwarya cike. Rhissa makiyayi, wanda bai taɓa wuce ta bai sha ba, ya leƙa ya ce ko raƙuminsa ba zai yi wa wannan zalunci ba. Wallahi raina ya ɓaci. Na ɗauki ƙwaryar sai gidan Sarkin Tabki, na zube.

"Ranka shi daɗe, Garkuwan Kwaɗi, Uban Kwata da Magudana, dibi hurar iyalina."

Ya leƙa, ya gyara rawani. "Ku talakawa ba ku san arziki ba. A Abzin sai mutum ya sai da raƙumi kahin shuni shi taɓa mai hwata. Ku ga shi kuna sha kyauta, har jakkanku."

Na ce, "Gaskiya ne, ranka shi daɗe. To ai ba a cin arziki a bar babba. Bisimilla." Na cika ludayi na miƙa.

Sai ya ce azumi yake, na nafila. Muna cikin haka jakuna suka shigo da salkunan ruwa daga wata rijiya can wajen Birnin Lalle. Wakilin Kwata ya ga ina kallo, ya ce ruwan buɗa-baki ne.

Da na koma gida Baraka ta ce, "Mi sunka ce?"

Na ce sun ce mun yi arziki.

Ta turo mini ƙwaryar. "To mai arziki, yau ita ce tuwonka. Shanye."

Saboda haka in kun gamu da wani mai shuɗin baki gobe a kasuwa, ku rusuna ku gaishe shi, attajiri ne. In da ragowar tuwo a gidanku kuma, ba zai ƙi ba.