Ranar da Aka Zaro Surukina ta Taga

Ƙofar tsohuwar motar da na gada wurin Baba ta saki, sai an ɗaga ta take rufuwa. Matata ta ce in kai wa bakanike. Na ce, "Haba, ƙusar hinji ce fa kawai." Na sayo sababbi na buga da guduma. Daɗin aiki ya kwashe ni, na haɗa har da sauran ƙofofin.

Ranar Asabar na ɗauki surukina daga Madabo zuwa ɗaurin aure a Ƙofar Dawanau. Da muka isa ya ja hannun ƙofa, shiru. Na ja nawa, shiru. Na tsallaka baya, nan ma haka, alhali lafiya lau muka shiga.

Ya dube ni ya ce, "Malam, wa ya kulle mu?"

Na ce, "Wallahi Baba, ni ma tambayar da nake yi ke nan."

Ga liman yana jira, surukin nawa ne kuma waliyyin amarya. Ƙarshe ta taga aka zaro dattijon, babbar riga ta rufe masa fuska, wani yana riƙe da hularsa.

Har yau ban gane inda na kuskure ba. Ƙannen matata kuwa da na yi sallama sai su ce, "Injiniya, bari a buɗe maka taga."