Injiniyan Da Ya Hana A Taka Feda

Surukina mai buga ganga, mijin gwaggonki ƙarama, shi ya fara ba ni labarin nan, kuma a gabansa aka yi. Rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara min baki.

A layin masu gyaran rediyo akwai wani gwani, Injiniya Gagarau. Shi ya raɗa wa kansa sunan. Kai, mutum ne! Farar riga har gwiwa, biro biyar a aljihu, tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Duk abin da ya kwance, in ya mayar sai kusoshi sun yi saura, ya zuba a gwangwani ya ce kamfani ne ya yi almubazzaranci. Gwangwani uku ya cika.

To, mai kaɗa jita a ƙungiyar su surukina, Dogon Yatsa, yana da wasu 'yan akwatuna bakwai da yake jerawa a ƙasa. Feda suke ce musu, kamar ta keke. In ya taka wannan jita ta yi gurnani, in ya taka wancan ta yi amsa kamar daga cikin rijiya. Wayoyinsu kuwa sun cukurkuɗe, har sun taɓa kayar da mawaƙinsu. Sai mai wani zauren taro ya ce su zo Asabar da la'asar ya gwada su. In sun yi, wasan kowane mako nasu ne, amma ba ya son tarkacen waya a dandamalinsa. In ba su yi ba, Dogon Yatsa ya riga ya yi wa babansa alkawarin ajiye jita ya koma facin taya.

Ya kwashe fedojin ya kai wa Gagarau, ya ce a ɗaure masa su kan katako ɗaya, waya ɗaya ta shiga, ɗaya ta fita. Shi ke nan fa.

Gagarau ya sauko da tabarau na biyu, ya ga sawun takalmi a jikin fedojin.

“Da ƙafa? Ƙanena, na'ura kake takawa da ƙafa? Masana sun yi furfura suna haɗa abu, kai ka mai da shi tabarma! A shagon nan ko fanka sai na wanke hannu nake kunnawa. Tafi, Asabar da kaina zan kawo.”

Ran Asabar jama'a sun cika, Dogon Yatsa na ta leƙen ƙofa, sai ga Gagarau da baro, an lulluɓe da zanen gado. Ya yaye. Tsohuwar kabad ce, tsawon mutum. Ya kwashe hanjin fedojin nan duka ya zuba ciki, ya jera makunnin wuta bakwai daidai ƙirji, ga ƙwan lantarki a ka, ga sunansa da jan fenti. Waya kuwa, a faɗi gaskiya, ɗaya ta shiga ɗaya ta fita.

Dogon Yatsa ya ce, “Injiniya, hannu biyu gare ni, duka suna kan jita. Da me zan danna?”

“Kana ganin don me na sa sabuwar riga? Ni zan danna.”

“Wanne ne na gurnanin?”

“Duk suna cikin kaina.”

Aka fara waƙa mai sanyi. Gagarau ya tsaya gaban mawaƙi yana ɗaga wa mutane hannu. Da aka zo wurin amsar rijiya Dogon Yatsa ya gyaɗa masa kai. Gagarau ya zaci gaisuwa ce, ya gyaɗa shi ma, har da dafa ƙirji.

“Ta rijiyar, Injiniya!”

Ya danna. Jita ta ɓarke da kukan jaki.

Ita kuwa ƙafar Dogon Yatsa shekara goma ta yi tana taka feda, ba wanda ya sanar da ita an canza tsari. Ta ɗaga da kanta ta sauka kan babban yatsan Gagarau. Ya yi ihu ya rungumi kabad, makunni bakwai suka kunnu gaba ɗaya. Surukina ya ce jaki bakwai ya ji a cikin rijiya, sannan ƙwan ya fashe, hayaƙi ya tashi.

Gagarau ya karɓe makirfo yana ɗingishi.

“Jama'a, a kwantar da hankali. Kusa ɗaya ce ta yi sako-sako. Bari in ɗauko sukundireba.”

Ya fita.

Dogon Yatsa ya dubi ƙofa, ya tuna warin taya. Ya zare waya daga kabad ya soka kai tsaye a lasifika, ya kaɗa jita tsurarta, ƙafa na ta dukan ƙasa a banza. Mai zaure ya cire yatsu daga kunne ya saurara har ƙarshe, ya ce bai taɓa ganin dandamali mai tsabta haka ba, su dawo Asabar.

Kabad tana can, mai shara na ajiye tsintsiya a ciki. Wata bakwai ke nan. Jiya surukina ya bi ta shagon, ya ga gwangwani na huɗu ya cika, ya ce, “Injiniya, ana fa jiranka a zaure.”

Ya ce a gaya musu yana tafe, sukundireba yake nema.