Rasuwar 'Yar Tsanwa, Rigar Ruwan Malam Aghali

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da miƙa lamari ga Mai shi, iyalan Malam Aghali na Tenhya, mai yi wa dabbobi allura, suna sanar da dangi da abokan arziki cewa rigar ruwansa, wadda aka fi sani da 'Yar Tsanwa, ta riga mu gidan gaskiya ranar Laraba da hantsi, a tsakar gida, a kan tabarma.

Malam Aghali mutum ne mai yawo da ƙafa daga wannan zangon makiyaya zuwa wancan, jakar magani a bayansa. Wanda ke goya kayansa ya san nauyin ko da allura, shi ya sa ranar da ya je neman riga a kasuwar Tanout ya wuni gaban Lawali mai gwanjo. Ta farko baƙa ce mai kauri, ya ɗaga ta ya ji kamar ɗanyar fatar raƙumi. Ta biyu leda ce zalla, irin wadda ke hana ruwa shiga ta kuma hana gumi fita, mutum ya jiƙe daga ciki. Can ƙasan tarin ya zaro marigayiya. Ya ɗaga ta sama ya bi ɗinkinta da ido, ya tsiyaya mata ruwan buta, ruwan ya dunƙule ya gangara. Ya sa ta a kan jakarsa, ta rufe su duka biyu. Da ya nannaɗe ta kuwa, ba ta fi curin fura ba.

Lawali ya ce, "Malam, ruwan Damargu nawa yake da za ka yi masa riga?"

Ya ce, "Kaɗan ne, amma ba ya sallama."

Marigayiya ba ta da son jiki. Da yake ruwa a ƙasarmu baƙo ne, ta fi yin aikin matashin kai da inuwa da shimfiɗar cin tuwo, ba ta taɓa cewa wannan ba aikinta ba ne. Za a daɗe ana tuna muryarta, kwaras-kwaras, wadda awakin Ollelewa suka haddace: da sun ji ta sai su watse, sun san mai allura ya iso.

Ta daɗe tana jinya. Ƙayar aduwa ta yage mata kafaɗa, zik ɗinta ya zubar da haƙora. Duk da haka a farkon daminar nan ta yi aikin da ya fi kowanne. Hadari ya rutsa Malam Aghali a daji, ya iske wata matar makiyayi, Raishatu, a kan jaki, tana dawowa daga likita da jaririnta sabon haihuwa, ga iska ga ƙanƙara, ba bukka ba itace. Ya tuɓe rigar ya naɗe yaron a ciki, ya cusa jakar magani ƙarƙashin sirdin, ya ja jakin har zango yana rawar ɗari. Da aka warware, yaron a bushe yake, yana barcinsa.

Mijin Raishatu ya aiko a zo suna, ya ce lallai a zo da rigar mutane su gan ta. Balki, matar Malam Aghali, ta ga bai dace babbar baƙuwa ta shiga taro a yamutse ba. Ta wanke ta tas, ta zuba garwashi a dutsen guga. Maganar marigayiya ta ƙarshe ita ce "cuuu". Da maigidan ya fito, Balki tana tsaye da dutsen a hannu, rabin bayan rigar manne a gindin dutsen. Ya dubi rigar, sannan ya ce, "Kwana ne ya ƙare." Bai ci abincin rana ba.

Ta bar mai ita, da jakar goyo wadda yanzu take tsirara, da takalman roba biyu tsofaffi, da jaririn Raishatu da bai san ta ba.

Ba za a yi mata wanka ba, tunda ruwa bai taɓa kama ta ba. Za a kai hularta gidan suna ta wakilce ta, sauran kuma a lulluɓe akurkin kaji da shi bayan la'asar. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida, ana kuma roƙon masu zuwa kada su tayar da maganar guga gaban Balki. Wanda ya san wata mai halin marigayiya, marar nauyi, mai hula, ya sanar da iyali, domin damina ba ta jiran a gama makoki.

Dattawan gari sun tambayi Malam Aghali ko a ɗaga roƙon ruwan ranar Juma'a har ya sami wata rigar. Ya dubi ciyawar da ta soma yaushi a bakin hanya, ya ce a roƙa da yawa, shi zai bushe.