Ranar Da Na Tsige Kaina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi tsige Baba Alhaji Idi ba, shugabanmu na dillalan albasa a kasuwar Malanville. Tsoho ya tsufa, ana ciniki yana gyangyaɗi, ni kuwa kujerarshi nake so, ba na ɓoyewa.

A rediyo na tsinci kalmar tsigewa, ta yi mini daɗi a baki. Na kwana biyu ina gwada ta gaban madubi (matata ta ɗauka aljanu ne).

Abin da ban sani ba, mu nan ba a sauke babba a bainar jama'a. Dattawa ke zuwa gidanshi a asirce, a sha shayi, a yi shawara. Ran taro shi da bakinshi zai ce ya gaji, ya kama hannun magajinshi ya zaunar. Ashe har an yi wannan zaman, an gama.

Ran taron na ci babbar riga. Baba Alhaji ya gyara murya zai yi magana, na riga shi miƙewa, na ce a tsige shi yau. 

Ya dube ni a natse. "Ɗana, mi a tsigewa?"

Ni kuwa, gwanin bayani, na ce a fizge mutum daga kujera ko yana so ko ba ya so. Har da kwatance na yi, na finciko ganyen albasa na ɗaga sama kowa ya gani.

Nan dattawa sunka miƙe, sunka ce wallahi ba a gabansu za a ce yaro ya kori Alhaji ba. Sunka dinga roƙonshi ya ci gaba da zama, har ya amsa. Wani dillali daga garin Gene ya jawo ni gefe ya raɗa mini cewa sunana tsohon zai kira, ni ya zaɓa. Kunya ta kashe ni, na tsaya riƙe da ganye kamar akuya.

Baba Alhaji yana nan bisa kujerarshi har yau, garau, gyangyaɗin ma ya bari. Kullum na zo gaisuwa sai ya ce, "Mai tsigewa, an tashi lahiya?"

Yanzu in babba ya gyara murya, nakan bari ya ƙare. Rediyon kuwa na ba matata, ta ji waƙoƙi.