Dakta Bincike-Ya-Nuna a Rumbun Gidan Rabe

Duk ƙasar da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, in ana zancen ilimi, to a sara wa Dakta Zaharaddini Manu, Daraktan Bincike da Tsare-tsare na wata ƙaramar hukuma da ba sai an faɗi sunanta ba. Mutum ne mai tabarau biyu, ɗaya a karan hanci, ɗaya rataye a wuya. Ko gaisuwa ka yi masa sai ya ce, "Bincike ya nuna na kwana lafiya." Masinjojin sakatariya suka raɗa masa Bincike-Ya-Nuna, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

A da, zamanin da auduga ke auduga, malamin gona kan hau kekensa da gajeren wandon kaki, ya kutsa gona har ƙaya ta yage masa safa, ya damƙi ƙasa ya sansana. Dakta ya wuce wannan ƙauyanci. Shi takarda yake sansanawa.

Bara tsutsa ta ci karenta babu babbaka a gonakin masara. Gwamnati ta aiko da hatsi da iri, a raba wa ƙauyuka biyar da suka fi jin jiki kafin ruwa ya sauka. Ciyaman ya ce a zaɓa bisa hujja, ban da sanayya. Magana ce ta hankali. Aka damƙa wa Dakta aikin.

Sa'adiya, ma'aikaciyar ɗakin shan magani na ƙauyen Gidan Rabe, ta kawo masa littafinta. Wata shida ta yi tana auna damtsen yara, awon kullum raguwa yake yi. Dakta ya ɗaga littafin da yatsa biyu kamar mushen ɓera.

"Malama, wannan ne bincike? Ina bango? Ina gabatarwa? Ga ma ɗigon manja a shafi na uku. Ni da kaina zan sauka fili."

Ya kuwa sauka, da mota da kujerarsa. Mai unguwa Malam Buba ya tara magidanta arba'in a gindin ɗorawa. Baƙonka Annabinka: kaji biyu da suka rage a ƙauyen aka yanka, mata suka kakkaɓe tukwane aka tuƙa tuwo. Dakta ya gyara murya.

"Malam Buba, yaya iyali?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Abinci fa?"

"Mun gode Allah."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa na zaune kusa da surukinsa. Wane magidanci ne zai buɗe baki gaban uban matarsa ya ce rumbunsa wayam? Duk suka gode Allah. Dakta ya rubuta ɗari bisa ɗari sun ƙoshi, ya suɗe ƙashin cinya, ya ƙara da cewa ƙauyen na da yalwar kaji.

Rahoto ya fito da bango mai ruwan zinariya. Aka cire Gidan Rabe daga jerin masu samun hatsi da iri. Bai tsaya nan ba, ya ba da shawara a naɗa shi Ƙauyen Koyi, a yi biki, Ciyaman ya zo da 'yan jarida.

Ranar biki hadari ya fara haɗuwa a gabas, mutanen ƙauye na kallonsa, ba su da ko tiya guda ta shukawa. Dakta ya karɓi lasifika.

"Jama'a, bincike ya nuna cewa yunwa ba ta san hanyar garin nan ba! Sauran ƙauyuka su zo su ɗauki darasi. Alƙaluma ba sa ƙarya!"

Sai Uwa, yayar mai unguwa, tsohuwar da ta wuce shekarun jin kunyar kowa, ta dogara sandarta ta miƙe.

"Ɗan nan, tunda mun ƙoshi haka, nuna wa baƙi rumbun mana. Ga na Buba can, shi ne babba."

Malam Buba ya sunkuyar da kai. Dakta kuwa farin ciki ya kama shi, ga masu ɗaukar hoto. Ya tattare babbar riga, ya hau tsani, aka ɗage masa murfin ciyawa. Ya leƙa, duhu. Ya ƙara leƙawa. Tumbi ya rinjayi ƙafafu.

Timm!

Ciyaman ɗan manomi ne. Ya san wanda ya faɗa kan dawa ba ya yin ƙara irin ta ganga. Sai wata murya ta taso daga cikin rumbu, tana amsa-kuwwa:

"Ranka ya daɗe, akwai buƙatar ƙarin bincike!"

Ciyaman ya sa aka kira Sa'adiya, ya karanta littafinta a tsaye, shafi shafi. Nan take ya ba da umarni motar hatsi da iri ta fara sauke kaya a Gidan Rabe kafin la'asar.

Samari suka kawo igiya za su zura. Uwa ta ɗaga musu sanda.

"Kai, ku bi a hankali. Ku bar bawan Allah ya gama ƙirga ƙwayoyin, ai ba su da yawa."