Rasuwar Taswirar Balkisu, Wadda Ta Haɗiye Garuruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka yi ja saboda kallon ordinata, wato kwamfuta, Malama Balkisu Hamidu, ma'aikaciyar wani kamfanin iri da taki a Tasawa, tana sanar da ƴan uwa da abokan arziki rasuwar taswirarta, wadda ta cika ranar Litinin da hantsi bayan doguwar jinya. Ta rasu a shafin farko na rahoton kamfani, inda ta yi duk rayuwarta.

Wanda bai san marigayiya ba ya yi asara. Balkisu ce ta raine ta tun tana fara fat, har ta cika da ɗigo kore, kowane ɗigo gari guda, daga Hawandawaki har ƙauyukan Mayahi. Ba ta gulma, ba ta karɓar na goro. Inda ta nuna, nan kamyon kamfani yake sauke irin gero kafin damina; inda ba ta nuna ba, direba ko waiwaye ba ya yi. In ta buɗe da safe takan ce "ting", ƙasa-ƙasa, kamar mai sallama a gidan surukai. Balkisu kuwa, ko da yake ba ta son a faɗa, kafin ta duba komai sai ta ɗora yatsa kan wani ɗan ɗigo gabas da Kanan Bakashe. Garin Amani ke nan, inda aka yanke mata cibiya, inda mahaifinta Hamidu yake noma har yau.

Ciwon ya fara da bazara, lokacin da aka aiki Muddassir, wakilin kamfani, ya sabunta rajistar garuruwa da wayarsa. Wata safiya Balkisu ta ga giɓi a arewa. Ta ce matsalar rezo ce, wato sabis ɗin waya. Mako na gaba wasu garuruwan suka bi. Babu ihu, babu sallama: ka kwana da gari, ka tashi babu shi. Abin da ya fi tayar mata da tsikar jiki, ba sa ɓacewa sai washegarin kasuwa.

Ba a yi sakaci da jinya ba, Allah shaida ne. Ta kashe ta kunna. Ta sake tuna wa mara lafiya cewa a Nijar muke, don dama tana da ɗan ruɗu, ta taɓa kai wani ƙauye ƙetaren iyaka. Ta ware mata departama daban, komin daban, wato manyan gundumomi da ƙanana. Shugaba Abdulmumini, wanda maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta, ya ba da shawarar a sake kashewa a kunna. Taswirar dai sai juya ɗan zobenta take a tsakiyar allo, fankar ordinata na nishi "fuuu", can ta ce "Lieu introuvable", wato ba ta san wurin ba. Ranar da ta faɗi haka a kan Garin Amani, tsoro ya kama Balkisu ba kaɗan ba.

Daga baya ne ta lura duk jikin ya rame, amma ɗigon kasuwar Kanan Bakashe sai ƙiba yake, kamar kaska a kunnen saniya. Ta matso da shi, ta ƙara matsowa, sai ga garuruwan nan duka a cikinsa, wani kan wani.

Aka kira Muddassir. Bai yi musu ba, don a ganinsa dabara ya yi. Yashi yana wahalar da moto, wato babur ɗinsa, ƙauyukan ba rezo, ga masu gari duk suna zuwa kasuwa da ƙafarsu, to me zai kai shi daji? Sai ya sami benci wajen mai shayi, yana shigar da su ɗaya bayan ɗaya, ana gaisawa ana raha. Ita kuwa waya ba ta san maigari ba, inda take tsaye nan take shaidawa. Marigayiya ta ga garuruwa a kan benci guda, ta ɗauke su gari guda. Aka yi lodi da rabon gari guda, kamyo ya tashi, ragowar irin aka tura wani yanki. Da Abdulmumini ya ji labari, sai ya ce a goge ta daga shafin kafin manya su gani. Balkisu ce ta danna da hannunta. Ko "ting" ba ta yi ba.

Ta rasu ta bar zane biyu a rahoton: yaya ɗaya mai dogayen ginshiƙai, da ƙane zagayayye mai kama da yankakkiyar kabewa, wanda har yanzu yake rantsuwa cewa iri ya isa ko'ina. Ta kuma bar Hamidu, wanda ya hau tudu jiya ya sami rezo ya kira ɗiyarsa. "Balki, mun ji ƙarar kamyo ya wuce ta hanyar Mayahi, bai tsaya ba. Mu hwa bana ba mu aje iri ba, ke kika ce mu jira. Ko laihi muka yi?" 

Game da jana'iza, liman ya ce ba a yi wa taswira salla. Za a tashi Alhamis bayan asuba daga ƙofar biro, wato ofis, Muddassir a gaban moto, Balkisu a baya da waya a hannu, a tsaya a tsakiyar kowane gari har waya ta shaida shi. Zaman makoki a Garin Amani ne. Mai zuwa kada ya nemi hanya a waya, ya tambayi masu amalanke. Kada a kawo goro ko dabino. Mai hali ya zo da tiya guda ta irin gero. A daure a yi sammako, don hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma Hamidu ya riga ya fito da sungumi ya jingine a ƙofar gida.