Tsallen Ilu Da Takardar Zubaida

Shekaranjiya Laraba na je wani ofishi a karo na tara, neman takarda mai layi biyar. Ba zan kama sunan ofishin ba, don mutanen cikinsa masu mutunci ne, kuma har yanzu ina da 'yan uwan da ba su karɓi tasu takardar ba.

Ga yadda abin yake. Ƙanwata Zubaida, autarmu, ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya. Tun rasuwar mahaifinmu ni ne uba ni ne wa, duk da iyakar sarautata keken ɗinki ne guda a bakin titin Shahuci. Makarantar ta ce kafin Juma'a a kawo takardar shaida mai hatimi, wadda za ta tabbatar Zubaida ita ce Zubaida, in ba haka ba a ba wata gurbin. Gwaggo, wadda ta riƙe mu, ta daina amsa gaisuwata da "lafiya lau", sai da "ina takardar?" Ita kuwa Zubaida, farar rigar da na ɗinka mata ta goge ta rataye, in ta zo wucewa ta ɗan shafa ta.

Da can, zamanin masu kaki, yini guda ake yi a samu takardar nan, sai dai a haɗa maka da tsawa. Yanzu alhamdu lillahi farar hula ta dawo, an daina tsawa. Bara aka kawo wa ofishin sababbin kwamfutoci fil guda shida. Na halarci bikin buɗewar da kaina, saboda rumfunan sun toshe hanyar shagona. Mai Girma Jagoran Tafiya Da Zamani ya yanke ƙyalle da almakashin da aka ara a wurina, ya ce daga yau talaka ba zai ƙara tsayuwa a layi ba. Kuma ya cika alkawari. An kawo benci.

Mako uku ina zarya. Ranar farko aka ce babu wuta. Rana ta biyu an kawo wutar amma ba ta da ƙarfi. Rana ta uku aka tura masinja layin mai da jarka don a tayar da janareta, ya dawo bayan kwana biyu da jarkar da kuma labarai masu daɗi. Daga nan amsar ta tsaya wuri guda: "Kwamfuta tana aiki, a ƙara haƙuri." Wani dattijo da muke zama tare a bencin, Baba Tanko, tsohon direban babbar mota, ya ce da ni, "Ɗana, gode wa Allah. Lokacin da na fara zuwa ko aikin ba ta fara ba."

To ranar Larabar nan sai zama ya kai ni ƙarshen benci, daf da ƙofar Yallaɓai Babban Jami'in Na'ura. Zafi ya sa an bar ƙofar a ɗan buɗe. Ina zaune sai na ji wani ɗan kiɗa siriri, kamar ana busa sarewa ta hanci, can kuma wani sauti ya yi ƙasa, fiiiw, kamar an jefa dutse a rijiya. Sai na ji Yallaɓai ya bugi tebur ya ce, "Kash!"

Jama'a, gashin jikina ya tashi. Na san kiɗan nan kamar yadda na san tarin Gwaggo.

Shekara goma sha biyar da suka wuce, akwai wani mai gyaran talabijin a unguwarmu, marigayi Gwadabe. Wansa ya kawo masa wani akwatin wasa da ake jona wa talabijin, a cusa masa kaset, a riƙe wani abin dannawa mai igiya. A ciki akwai wani guntun mutum mai gatari da jan wando, wanda muka sa wa suna Ɗan Tsalle. Aikinsa gudu zuwa dama, tsallake rami, hawan igiya, saran jemagu. Ransa uku ne, in sun ƙare a koma farko. Mun yi samartakarmu a shagon nan, mun sha duka a gida saboda shi. Duk Shahuci kuwa babu wanda ya kama ƙafar abokina Ilu.

Na leƙa. Yallaɓai ya sassauta wuyan riga, ya dafe madannan kwamfuta, gumi na bin goshinsa. A kan gilashin sabuwar na'urar gwamnati ga Ɗan Tsalle nan, da jan wandonsa, bai tsufa ba bai yi tumbi ba. Yana mataki na huɗu, wurin kogin nan da gungumen itace ke yawo a kan ruwa. Ina kallo ya yi tsalle, jemage ya buge shi, ya faɗa.

Bakina ne ya riga hankalina. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba a hawa gungumen farko."

Ya juyo a firgice, ya danna wani abu, nan take wata takarda mai layuka ta rufe gilashin. Ya ce, "Wa ya ba ka izinin shigowa? Ba ka ga ana aiki ba?"

Na ce, "Na gani, ranka ya daɗe. Allah ya ba da sa'a."

Har na juya, sai ya ce, "Zo nan. Tura ƙofar." Na tura. Ya rage murya ya ce, "Me ka ce game da gungumen?"

Daga nan ya buɗe mini cikinsa kamar mara lafiya a gaban likita. Ashe ɗan kwangilar da ya kawo kwamfutocin bai zuba musu kayan aikin ofis ba, ya ce wannan sai a kashi na biyu na kwangila. Amma da yake mutumin kirki ne, ya bar musu faifai guda kyauta, mai tsofaffin wasanni ɗari biyu. Yallaɓai ya ce shi ma yana yaro ya taɓa ganin wasan a gidan maƙwabta, amma ba a taɓa ba shi ya riƙe ba. Yanzu da Allah ya ɗaukaka shi, ga shi ga Ɗan Tsalle, amma mako uku ke nan yana kogin nan.

Na lissafa a raina. Mako uku. Ashe tare muka maƙale.

Ya tashi ya ba ni kujera. Wannan ne karo na farko a tarihin gidanmu da wani ya zauna a kujerar gwamnati mai juyawa. Sai dai yatsun da suka saba da allura ba su saba da madannan nan ba, kuma na tuna ba a hawa gungumen farko, amma na manta abin da ake yi bayan nan. Cikin minti biyu na kashe Ɗan Tsalle sau uku. Fuskar Yallaɓai ta koma ta aiki. Ya ce, "Malam, koma benci."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni awa guda. Na san likitan wurin nan."

Babu ɗan acaɓa ko ɗaya a hanya, duk suna layin mai suna cin ribar dimokuraɗiyya. A ƙafa na tafi Ƙofar Mata. Na tarar da Ilu a marina, tsugune a bakin karofi, ramin rininsa, ya tsoma hannu har gwiwa yana juya wani yadi a ruwan baba. Yanzu 'ya'yansa huɗu, ga furfura ta fara leƙowa a gemu.

Na ce, "Ilu, taso. Gwamnati na nemanka."

Ya ce, "Ni? Wallahi na yi zaɓe. Sau biyu ma aka ce na yi."

Na ce, "Ba wannan ba. Ka tuna kogin mataki na huɗu?"

Hannunsa ya tsaya cak a cikin ruwan. Ya dube ni ya ce, "Ikrima, ka sha wani abu ne?" Na ba shi labari tun daga farko. Da na zo kan Juma'a da rigar Zubaida, sai ya tsamo yadin ya shanya, ya goge hannu a jikin wando, ya ce mu je.

Da muka shiga, Yallaɓai ya dubi hannuwan Ilu, shuɗaye har farce, ya dubi fararen madannansa, ya yi ɗan jim. Amma buƙata ta fi ƙarfinsa. Ilu ya zauna. Aka kunna, kiɗan ya tashi. Sai na ga abokina ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Allah ya jiƙan Gwadabe." Na ce amin. Yallaɓai ma ya ce amin, duk da bai san ko waye ba.

Ilu ya tambayi wanne ne na gudu, wanne ne na tsalle. Ran Ɗan Tsalle na farko ya tafi wajen koyon madannai. Na biyu kunama ta ɗauke a mataki na uku. Amma daga nan yatsunsa suka tuna da kansu, ya iso bakin kogi da rai guda. Gungumen farko ya zo, Ilu bai motsa ba. Yallaɓai ya ce, "Yi tsalle mana!" Ilu bai kula shi ba. Gungume na biyu ya wuce. Jemagen ya sauko ya yi shawaginsa ya koma.

Ilu ya ce, "Yallaɓai, duk sirrin wurin nan jira ne."

Yallaɓai ya ce, "Ai ka ji matsalata. Ni mutum ne da ba na iya jira."

Na duba ta ƙofa, na hango Baba Tanko yana gyangyaɗi da fayil ɗinsa a cinya.

A gungume na uku Ilu ya hau. Ya koma na gaba, ya sare jemage a sama, ya sake komawa na gaba. Saura tsalle guda ya taka gaɓa. Yallaɓai ya miƙe tsaye, ya riƙe bayan kujera. Sai Ilu ya danna maɓallin dakatarwa, kiɗa ya ɗauke, Ɗan Tsalle ya daskare da ƙafa guda a sama. Ilu ya naɗe hannu a ƙirji.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, takardar Zubaida."

Yallaɓai ya ce, "Haba Malam, ƙarasa mana, yanzu za a yi."

Ilu ya ce, "Hannuna ne ya ɗan yi tsami. Da zarar na ga hatimi zai saki."

Yallaɓai ya dubi gilashi, ya dubi Ilu. Sannan ya leƙa wani ɗan ɗaki a bayansa ya ƙwala kira: "Malama Hajo!" Wata dattijuwa mai tabarau ta fito, tana riƙe da saƙar da take yi. Ya ce ta buga takardar shaida guda. Ta ajiye saƙar, ta yaye wani zane a kan tebur, sai ga tsohuwar tafireta. Ta tambaye ni suna da unguwa, ta zura takarda, ƙwas ƙwas ƙwas. Na duba agogo, minti huɗu.

Na ce, "Malama, ashe ba a kwamfuta ake yi ba?"

Ta ce, "Da me za ta fito da ita, ɗan nan? Na'urar buga takardar tana kashi na uku. Ni dai kullum ina nan tun ƙarfe takwas. Ba a kirana ne."

Yallaɓai ya sa hannu, ya buga hatimi da ƙarfin da ban taɓa ganin ma'aikaci ya yi aiki da shi ba. Na karɓa na karanta sau biyu. Ilu ya miƙa hannu kamar zai danna, sai ya fasa, ya ce, "Akwai wani tsoho a waje." Aka buga ta Baba Tanko. Da aka tashe shi aka miƙa masa, sai ya ƙi karɓa, ya ce shi ba ya son wasa irin wannan, yana da hawan jini.

Sannan Ilu ya saki wasan. Ɗan Tsalle ya dira a gaɓa, aka yi kiɗan nasara. Yallaɓai ya rungume marini, shuni ya ɓata masa farar riga, ko a jikinsa. Madannai huɗu sun koma shuɗaye, ya ce kada a goge, ta nan zai riƙa gane inda ake dannawa.

Jiya Alhamis Zubaida ta kai takardarta, an karɓa. Ta dawo ta tsaya a bakin shago tana so ta yi magana, sai kuka ya zo mata, ni kuma na yi kamar zare ne ya ƙi shiga allura. Gwaggo ta amsa gaisuwata da "lafiya lau". Da na ba ta labarin yadda aka yi, ta yi tagumi ta ce, "Wato wasan banzan nan da na riƙa zane ku a kansa?" Na ce shi fa. Ta ce, "To Allah ya yafe mini rabi."

Yau da safe masinjan ofis ya je marina neman Ilu. Ashe Mai Girma Shugaban Sashe, wanda ke hawa na sama, wanda ake ce mana kullum yana taro, wata biyu ke nan yana mataki na bakwai, wurin igiyoyi. Labari kuma ya riga ya zaga gari. Da na bi ta Ƙofar Mata na tarar da mutum tara a bakin karofin Ilu, ba mai yadi ko ɗaya, kowa da fayil. Har wata mata na tambaya ko yana karɓar aikin fansho.

Ni dai ba na cikin masu cewa an yi asarar dukiyar talaka a kan kwamfutocin nan. Da idona na ga ana aiki da su, har da gumi. Roƙona ga manyanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, guda ɗaya ne: in za a ba da kwangilar kashi na biyu, a dubi girman Allah a zuba wasanni masu sauƙi. Ilu mutum ɗaya ne, kuma shi ma bai taɓa wuce mataki na takwas ba.